Kwatancen da Na Yi wa Mafarauta

Babana ya rasu ya bar mana tudu guda a tsakiyar fadama, ni da ƙanena. Ba gona ba ce. Da rani in ka tsaya a bakin gulbi ta wajen ƙauyenmu, can bayan Kalgo, za ka hango shi kamar an kifa ƙwarya, giyayya da kanya da sarƙaƙiyar gumbi sun rufe shi ruf. A lokacin gulbin ba komai ba ne sai rairayi da 'yan kududdufai, jaki ma yana ƙetarewa bai jiƙa gwiwa ba. Amma bari damina ta yi nisa, ruwa ya sauko daga gabas. Kwana biyu zuwa uku fadamar nan kaf ta cika, shinkafa ta nutse, burtali ya nutse, ba abin da ke saura a sama sai tudun nan.

A kansa namun daji suke taruwa. Babana yana ce musu 'yan gudun ruwa.

Ina 'yar shekara tara ko goma ya fara tafiya da ni, don ni ce babba kuma hannuna ya fi na ƙanena iya riƙe gwangwalar tura jirgi. Da hantsi muke zuwa. Ba mu kai musu abinci, ba mu taɓa komai. Babana zai ɗaure jirgi a saiwar giyayya, mu zauna a ciki shiru. Da farko ba ka ganin komai sai ganye. Can sai idonka ya saba. Ga zomo a lafe, jikinsa sharkaf, ga dila taku biyar daga gare shi tana lasar ƙafa, ba wanda ya kula wani. Jan biri sun cika kanya suna harararmu. Gyazbi kuwa, manyan ɓerayen fadama, ba su ƙirguwa, ƙarar haƙoransu a cikin ciyawa kamar mata na ɓarar gyaɗa. Na taɓa ganin beguwa ta yi iyo ta iso, ƙayoyinta na bisa ruwa, ta hau ta girgije, guza ya matsa mata. Amma abin da babana yake zuwa dubawa shi ne kwanta-rafi, dangin barewa. Masu launin busasshiyar ciyawa, masu manyan kunnuwa, in sun tsorata su yi wani fito siriri ta hanci. Zai ƙirga su da leɓe ba murya, ya gyaɗa kai, mu juya gida.

Doka biyu ya ba ni, kuma sau ɗaya ya faɗa, a cikin jirgi, bai ko waiwayo ba.

"Ruwa yak koro su kamar yadda yat taɓa koro kakanninmu bisa wanga tudu. Ba a yanka su sai ruwa ya janye sun kama gabansu. Kuma ba ki kwatanta ma kowa hanya."

Ta biyun ita ce mai riƙe da ta farkon. Tudun dai, kowa na hango shi, amma isa gare shi da jirgi wani abu ne. Gumbi da ciyawar burugu sun kewaye shi da faɗi, ƙayar gumbi ta kama jirgi ba gaba ba baya, mutum ya fito da tsumman riga. Hanya ɗaya ce tak, 'yar siririya mai lanƙwasa, wadda babana yake sharewa da adda kowane rani in ƙasa ta bushe, ya bar bakinta a toshe yadda mai wucewa ba zai gane ba. Masuntan ƙauyenmu sun san akwai ta. Ba su taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa yi musu gori ba.

Na yi aure a Gwandu, na haifi 'ya'yana a can, na yi shekaru ina tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa. Duk da haka ban taɓa fashin tudu ba. Da rani in zo mu share hanya, da damina in zo in ƙirga. Bayan rasuwar babana sai aikin ya koma kaina, ƙanena yana bina yana gunaguni. Shi albasa yake gani a wurin. Kullum maganarsa ita ce ƙasa mai kyau tana kwance ana kiwon birai a kanta. Ni kuma kullum amsata ita ce ya jira in mutu.

Ina gani kuma suna raguwa. Injin ban ruwa ya shigo, fadama ta daina hutawa ko da rani, ana feshin maganin ciyawa har bakin gulbi. Inda dabba za ta kwanta a da ya zama shinkafa. Kwanta-rafin da babana yake ƙirgawa har yatsun hannu su ƙare, a hannuna suka koma uku, namiji ɗaya da mata biyu. Ban san inda suke ɓuya sauran watanni ba. Na dai san in ruwa ya zo, za su zo.

Makaranta kuwa sai da mijina ya rasu na shiga, na haura hamsin. Na gaji da dangwala yatsa a tawada kamar wadda aka kama da laifi, na gaji da miƙa wa jikata katin asibitina ta karanta mini ciwona a gaban mutane. Ajin manya ne, da la'asar, a wata makarantar firamare bayan yara sun tashi. Mu zauna a kan bencin da aka yi don 'yan shekara bakwai, gwiwoyinmu na taɓa haɓa. Malamarmu yarinya ce daga kudancin jiha, Kirista, mai haƙuri kamar me. Mama take ce mini. Ita ta kama hannuna ta koya mini zagaye harafi, kuma ko yanzu ba zan ce ban ƙaunace ta ba.

A shekara ta uku ta ba mu wani aiki. Ta ce kowace ta rubuta kwatancen hanyar zuwa wani wuri da ta sani, yadda baƙo zai kai bai tambayi kowa ba. Akwai wata a ajinmu, matar wani mai shagon yadi, wadda ta ɗan taɓa boko tana ƙarama, kullum ita ce gaba kuma ba ta bari a manta. Ta juyo ta dube ni.

"Ke mai ƙuli, daga murhu zuwa turmi za ki kwatanta muna?"

Aji ya kwashe da dariya. Na ce mata ta bari ta gani, inda ƙafata ta taka, motar mijinta ko da kuɗi ba ta zuwa.

Ba zan yi ƙarya in ce na manta da maganar babana ba. Na tuna. Ina feƙe fensir ina tunawa. Amma sai na ce wa kaina, wa ke Gwandu da zai kwashi ƙafa ya tafi fadamar Kalgo neman tudu? Takarda ce, malama za ta duba, ta sa jan biro, in mayar da ita jaka. Gaskiyar magana ita ce ina so in kunyata matar mai yadi, kuma ba ni da wani wuri a duniya da na sani kamar wannan. Sauran mata suka rubuta hanyar kasuwa da ta asibiti, layi huɗu, layi biyar. Ni na cika shafi biyu da rabi. Na faɗi giginyar da za a sa a baya, da surin da za a bari a hannun dama, da inda za a ɗaga reshen gumbi a ga bakin hanya, da lanƙwasa nawa za a yi kafin a ji ƙasa a ƙarƙashin gwangwala. Na faɗi watan da ruwa yake cika. Na faɗi abin da mutum zai tarar in ya isa, ban bar ko bushiya ba. Kwana huɗu ina rubutu ina gogewa.

Malama ta karanta, ta dafa ƙirji, ta ce ba ta taɓa samun irinsa ba. Matar mai yadi ta kau da kai. Na ji daɗi. Da a nan abin ya tsaya, da yanzu labarin dariya nake ba ku.

Ranar rufe makaranta, ana dab da faɗuwar damina, aka tara baƙi da mazajen wasu da manyan unguwa a ƙarƙashin rumfa. Malama ta ce ni zan karanta nawa, a ga cewa tsufa ba ya hana karatu. Na sa atamfata mai kyau, na miƙe, na karanta tiryan-tiryan ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ina ganin malama ta ɗaga waya tana ɗaukata, na ƙara ɗaga murya don ta fito sosai. Aka tafa, aka ba ni bokitin roba da sabulu. Malama ta tura wa 'yan uwanta malamai don su yi murna, su ma suka tura. Kafin sati biyu wani mai babur ɗin kabu-kabu ya tsayar da ni a bakin kasuwa ya ce ai ni ce tsohuwar nan mai karatu, ya gan ni a waya. Ya ɗauke ni kyauta har gida, ina ta sa masa albarka.

Ruwa ya zo a kan lokacinsa. Na shirya zan tafi ranar Asabar. Ranar Alhamis da hantsi, ina tsakiyar matsar mai, ƙanena ya kira.

"Yaya, ki taho. Akwai mutane bisa tudu, da karnuka."

Na bar tunkuza a turmi. Bas ɗin da na shiga sai da ta cika aka tashi, ni kuwa kamar in sauka in tura ta. Na sauka a Kalgo na hau kabu-kabu, inda laka ta hana shi na tuɓe takalmi na ci gaba da ƙafa. Azahar ta wuce lokacin da na isa bakin ruwa. Ƙanena na tsaye da wasu masunta, ba wanda ya motsa. Suka ce tun da safe baƙi suka zo a a-kori-kura, da jirage uku da suka yi haya daga wani ƙauye, suka wuce kai tsaye kamar 'yan gida. Na tambayi masuntan me ya hana su tare su. Wani ya ce mutum goma sha ne, da adduna da bindigar toka. Na karɓe gwangwala daga hannun ƙanena na ce ya shiga ko ya tsaya, ni dai na tafi. Ya shiga.

Tun daga nesa nake jin haushin karnuka. Reshen gumbin da ke rufe bakin hanya an sare shi an jefar.

Ba farauta aka yi a wurin ba. Farauta ai dabba tana da inda za ta gudu. Nan ruwa ne gaba, ruwa ne baya. Sun jeru ne daga wannan gefe zuwa wancan, suka bi tudun suna dukan ciyawa, karnuka na gaba. Lokacin da na hau sun gama, suna tarawa. Gyazbi da zomaye tsibi guda, an ɗaɗɗaure ƙafafu. Guza uku a rataye. Beguwa an fasa mata kai da gora. Biran da karnuka suka yayyaga an bar su nan inda suka faɗi, ƙuda ya fara taruwa, sai wani saurayi da ke feɗe ɗaya don ya ce masu magani na sayen fatar. Kwanta-rafi biyu, namijin da mace guda, suna kwance a gindin kanya, an fuskantar da su alƙibla an yanka yadda addini ya ce. Sun kula da wannan. Na tambayi ta ukun. Aka nuna mini ruwa. Wai ta faɗa da ɗanta, karnuka suka bi su, ba a ga fitowarsu ba.

Shugabansu dattijo ne, sa'ana ko ya ɗan girme ni, da farin gemu da layu a damtse. Ya taso da fara'a ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi gajiyar hanya. Na ce masa wa ya ba shi izinin hawa tudun ubana, kuma uban wa ya nuna masa hanya.

Ya dube ni da kyau. Sai fuskarsa ta washe.

"Ashe Hajiya ce da kanta. Ku taho ku gaida malama."

Ya laluba aljihu ya fiddo waya, ya latsa, ya miƙo mini. Ga ni nan a cikin atamfata mai kyau, na riƙe takarda da hannu biyu, muryata na fita garau: ka sa giginya a bayanka, ka bar suri a hannun dama.

"Ko ɓata ba mu yi ba," in ji shi. "Shekara nawa muna hangen wanga wuri ba mu san ta inda a ka shiga ba. Allah shi ƙara basira."

Ba ba'a yake yi mini ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Da gaske yake yabona. Na fizge wayar na wurga ta cikin ruwa iya ƙarfina. Samarin suka yo kaina, ya ɗaga musu hannu. Ya ce ba komai, a bar ni, tsohuwa ce, kuma ai kowannensu yana da shi a tasa wayar. Na zage shi, na zagi gemunsa, na ce masa wanda ya yanka abin da ruwa ya koro ba mafarauci ba ne, mahauci ne. Ya saurara har na gama. Sa'an nan ya sa aka yanko cinyar namijin, ya ce al'adarsu ce mai wuri yana da rabo. Na ce ya kai wa uwarsa.

Ƙanena ya miƙa hannu ya karɓa.

A cikin jirgi muna komawa, cinyar na kwance tsakaninmu a kan ganye, ya ce mini an riga an yanka, zubarwa almubazzaranci ne, kuma yaransa sun kwana biyu ba su ga nama ba. Ya ce kuma in daina kallonsa haka, ba shi ya hau rumfa ya yi shela ba. Na ci gaba da tura jirgi. Matarsa ta dafa da yamma, ta aiko mini da kwano. Na mayar da shi a rufe.

Washegari na je wurin mai gari. Ya karɓe ni da mutunci, ya ji ta bakina, ya tambaya ko sun sare mini itace. Na ce reshe ɗaya. Ko sun taɓa amfanin gona. Na ce babu gona. Ya ce to, naman daji ba shi da mai shi, bai ga abin da zai rubuta ya aika gaba ba. Ya ƙara da cewa shi ma ya ga karatuna, ya yi kyau ƙwarai.

Da aka koma makaranta na sami malama na gaya mata komai, a tsaye, a gaban aji. Ta yi kuka har da shessheƙa. Ta ce za ta goge, ta goge a gabana, ta ce za ta roƙi duk waɗanda ta tura wa. Na ce ta bar wahalar da kanta. Na so in ɗora mata laifin, na kwana ina shirya kalmomin da zan jefe ta da su, amma da na ga fuskarta sai suka ƙi fita. Yarinyar nan ba ta san dokar ba. Ni aka ba, ni na karya, don in rufe bakin matar mai yadi. Ita kuwa matar mai yadi ta ce wai duk wannan hayaniya a kan ɓeraye da birai ne? Na gama makarantar dai, na karɓi takardata. Tana cikin akwati.

Damina ta gaba wasu suka zo, ba na farkon ba, daga wani gari dabam. Na riga su isa, na zauna a bakin hanya cikin jirgi da taɓarya a cinyata. Suka gaishe ni, suka zagaya, suka sare wata hanyar da adduna tunda yanzu sun san akwai abin da ya cancanci wahalar. Ba su sami da yawa ba. Suna fita suna ƙorafi wai an zuzuta musu wurin.

Da rani ƙanena ya tara dattawa ya ce a raba gado. Ya ce abin da ake tsarewa ya ƙare, kuma ya gaji da jiran mutuwata. Ba wanda ya ga laifinsa, shari'a tana bayansa. Aka auna da igiya, kashi biyu nasa, ɗaya nawa. Na zaɓi ɓangaren kanya. Kafin wata ya ƙare ya sayar da giyayyun ga masu bandar kifi, ya cinna wa gumbi wuta, ya kafa inji. Albasarsa ta yi kyau, ba zan hana shi gaskiyarsa ba. Ya yi rufin kwano, ya sayi babur. Yanzu in ruwa ya cika, ɓangarensa fili ne fetal, kowane jirgi yana iya tsayawa, ba a bukatar kwatancen kowa.

Nawa kashin ban taɓa shi ba. Na kewaye shi da ƙaya, na bar ciyawa ta yi yadda take so. Mai tsawon ƙafa zai ratsa shi kafin ya gama salati goma. Bara da ruwa ya zo na yi kwana shida ina zuwa tun safe in zauna a gindin kanya har rana ta yi sanyi, da gorar ruwa da taɓaryata. Zomo biyu suka zo, da bushiya, da guza guda mai guntuwar wutsiya. A rana ta huɗu na hango wani abu yana iyo daga yamma, kai da kunnuwa kawai a sama, na miƙe har gwiwata ta yi ƙara. Akuyar wani ce ruwa ya ɗauko. Na jawo ta, na ɗaure, mai ita ya zo da la'asar ya yi godiya.

'Ya'yana suna Gwandu da birni, ba wanda ya iya riƙe gwangwala, kuma ba wanda ya nemi in koya masa. 'Ya'yan ƙanena kuwa suna gaishe ni da ladabi duk lokacin da na zo, su karɓar mini kaya, su kawo mini ruwa. Babbansu ya raka ni tudu kwanakin baya. Muna tsaye ina duba shingen ƙaya, na lura ba ni yake saurara ba. Yana taka gefen kashina ne a hankali, daga wannan kusurwa zuwa waccan, leɓensa na motsi. Na tambaye shi kwamin albasa nawa ya ƙirgo a kashin nawa. Ya ji kunya ya sunkuyar da kai, amma ya faɗa mini.